Ɗalibar Wani

Shekara ashirin da biyu Malam Birki ya yi yana koyar da tuƙin mota, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya san inda sunan ya fito. Ɗalibi bai gama tayar da mota ba zai ji tsawa a dodon kunnensa: "Birki! Na ce birki!" Tun ana faɗa a bayan idonsa har ta kai ko a gidan mai da sunan ake kiransa, shi ma ya gaji ya karɓa. Amma fa ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Yana kuma da wata baiwa da yake ji da ita. In direba ya yi tafiyar minti biyar a gabansa, zai gaya maka wanda ya koya masa. Ɗaliban makarantar bakin kasuwa, ko akuya ce ta kalle su sai sun danna hon. Na wani tsohon soja kuwa ƙanƙame sitiyari suke yi kamar za a ƙwace musu. Sai ya nuna mota da leɓe ya ce, "Wannan na soja ne," kuma da wuya ya kuskure.

Tafiyar hutun nan shawarar matarsa ce, Maman Biyu. A kantin magani take aiki, a tsaye daga safe har yamma, shi kuma a zaune a kujerar gefen direba daga safe har yamma, kowa ya dawo gida da irin nasa ciwon bayan. Ta samo musu ɗaki na kwana biyu a wani ƙaramin masauki a bakin tafki, tafiyar awa uku, ta kai tagwayensu gidan yayarta, ta haɗa jaka biyu. Malam ya yi ƙorafi na kwana uku kamar yadda ya saba, amma a ransa murna yake yi. Mutumin da kullum wani ke jansa yana kallo, yau shi zai riƙe sitiyari, a motarsa ta gida, babu ɗalibi, babu allon gargaɗi a bayan mota. Ranar tafiya har waƙa ya riƙa yi ƙasa-ƙasa.

A tsakiyar hanya suka tsaya shan mai. Ya fita sayo ruwan sanyi, yana tafe yana waiwayen mai zuba man, wai kada ya bar murfin tanki a sake. Hali dai! Bai ga bakin kwata ba. Ƙafar hagu ta zurma, ya tafi luu, robobin ruwa suka yi nasu wuri.

Maman Biyu ta zaunar da shi a kan benci, ta cire masa takalmi, ta lallatsa idon sawun yana cije leɓe.

"Ba karaya ba ce, targaɗe ne," ta ce. Ta ɗauko bandeji a jakarta ta naɗe masa tam.

Ya ɗingisa ya shiga mota. Ya taka kuloci sau ɗaya, ya saki wata ƙara da ta sa mai zuba man ya juyo.

"Shi ke nan," ya ce yana haki. "Sai mu nemi direba ya mayar da mu gida."

"Ba ni makullin," ta ce.

Ya dube ta, ya yi dariya duk da zafin da yake ji. Shekara tara da suka wuce ya taɓa gwada koya mata a wani filin ƙwallo. Darasin bai kai minti ashirin ba ta buɗe ƙofa ta fita tana kuka, ta taka da ƙafa har gida. Tun daga ranar, in hira ta yi daɗi da abokai, yakan ce, "Maman Biyu komai ta iya, amma kan tuƙi Allah bai ba ta ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta zuge jaka ta ciro wani kati ta miƙa masa. Lasin ne, da hotonta, da hatimi, sabo fil.

"So na yi sai mun isa in nuna maka," ta ce. "In zaga da kai bakin ruwa ka sha mamaki. To ga shi ƙafarka ta riga ni."

Mamakin kam ya sha shi. Ya zagaya ya zauna a kujerar da ya yi shekara ashirin da biyu a irinta, ya ɗora katin a cinya yana jujjuya shi.

Ta cire takalminta mai tsini ta sa wani shafaffe da ta ciro daga leda. Ta ja kujera gaba. Ta kashe rediyo, ta sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu don ta ji kukan inji. Ta girgiza giya hagu da dama sau uku kafin ta murɗa makulli. Motar ta tashi sumul, ba ta yi tsalle ba, ba ta mutu ba, suka hau titi.

Malam ya bi ta da kallo. Da suka doshi wata kwana ya ga ta taɓa birki sau biyu a hankali, don na baya ya ga wuta, sannan ta rage gudu. Ya ce a ransa, a'a, bari dai mu gani. Can suka iske wani tudu mai tsawo da tirela tana nishi a gaba. Ta sauko giya ta biyu daidai lokacin da shi ma zai sauko, ta bi a sannu har suka haye. Suna kaiwa sama sai ta miƙa hannu ta ɗan bubbuga gaban motar, ta ce, "Yawwa, 'yar albarka."

Nan ya tabbata. Duk garinsu ɗaliban mutum ɗaya ne ke yi wa mota sannu bayan ta hau tudu.

"Lallaɓa," ya ce.

"Na'am?"

"Lallaɓa ne ya koya miki."

Ta kalli madubi, ta kalli titi. "Shi ne."

Wannan Lallaɓa ba baƙo ba ne. A hannun Malam ya koyi mota shekara goma sha biyar da suka wuce, ya yi shekara bakwai yana koyarwa a ƙarƙashinsa, sannan ya ware ya buɗe tasa makarantar. Yanzu motoci uku gare shi, farare ƙal, masu sanyi a ciki. Mutum ne dogo mai sanyin murya, kullum cikin guga da turare, in ɗalibi ya hau kan dakali da mota sai ya ce, "Babu komai, mu sake." Matan gari layi suke yi a wurinsa. Har yau in ya haɗu da Malam sai ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe," shi kuwa Malam rusunawar nan ta fi zagi ƙona masa rai.

Kishi ne ya turnuƙe shi, babu wani suna da za a ba shi. Ya kalli hannun matarsa a kan giya, sai ya ga kamar akwai wani dogon hannu mai agogo a kan nata yana nuna mata ta ɗaya da ta biyu. Ƙafarsa ta dama kuma ta riƙa taka ƙasan mota tana neman birkin malami, irin na motar makaranta, alhali wannan motar ba ta da shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu inda ta yi kuskure. Ya zuba ido awa ɗaya da rabi yana jira ta manta sigina ko sau ɗaya, ba ta manta ba.

Masaukin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Ɗaki ne mai fanka da farin labule, tawul biyu a naɗe a kan gado, ga baranda da kujerun roba tana kallon ruwa. Iska na kaɗa bishiyoyi, wasu fararen tsuntsaye na tsaye a bakin tafkin da ƙafa ɗaya. Maman Biyu ta buɗe taga ta ja numfashi ta ce, "Kai, Baban Biyu, dubi ikon Allah!" Ya duba. Bai ga komai ba sai ruwa.

Aka kawo musu shinkafa da kifi. Ta sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafa, ta ɓare masa maganin zafi guda biyu. Ya ci loma uku ya ajiye cokali.

"Kwana nawa kika yi?"

"A ina?"

"Kin san inda nake nufi."

"Wata biyu. Lokacin hutun cin abinci nake zuwa."

"Wata biyu!" Ya tafa hannu. "Wata biyu kina fita daga gidana kina shiga motar wani ƙato, ni ina nan kamar hoto. Ke da wa?"

"Ni da ƙanwarka. A baya take zama kullum, ko sau ɗaya ba ta fasa ba. Ita ma ta koya, ta karɓi nata lasin."

Au, har da ƙanwarsa! Uwa ɗaya uba ɗaya! Yarinyar da ya goya, ita ma ta tsallake shi ta tafi wurin mai turare. Wannan ma ya ƙona shi, amma ya ajiye shi gefe, na gabansa ya fi zafi.

"Yana riƙe miki hannu in za ki sa giya?"

Ta ɗago ta dube shi. "Baban Biyu, ka ji abin da ya fito daga bakinka kuwa?"

"Tambaya na yi."

"Bai taɓa ba. Da biro yake nunawa."

"Hira fa? Me kuke cewa awa guda cur?"

"Madubi. Sigina. Kwana."

"Kuna dariya?"

"Wani lokaci." Ta ciro ƙaya daga kifinta ta ajiye a gefen faranti. "Ranar da na shiga shataletale na kasa fita, sau huɗu muna zagayawa, har mai sayar da jarida ya fara ɗaga mana hannu. Malam ya ce..."

"Wa?"

Ta mayar da ido kan farantinta.

"Wane Malam? Malam nawa ne a gidanki?"

"To me zan kira shi? Koya mini ya yi."

Shi ke nan, ya haɗe rai kamar an aiko masa da mutuwa. Duk duniya Malam ake ce masa, ita kaɗai ce ba ta taɓa kiransa da shi ba, Baban Biyu take cewa tun da aka haifi yaran. Bai taɓa damuwa ba sai yau da ya ji sunan a bakinta, da ladabi, kuma na wani ne. Da yamma ta ce su je bakin ruwa ya dafa kafaɗarta, ya ce ƙafa. Ta ce ta kawo masa shayi baranda, ya ce ya ƙoshi. Ta tafi ita kaɗai. Yana hango ta daga taga tana tsaye, mayafinta na kaɗawa, ya ce a ransa wataƙila ma tunanin shataletale take yi. Mutum in kishi ya kama shi, wallahi babu shirmen da ba zai yarda da shi ba.

Washegari da safe ta fito da niyyar su karya a baranda, sai ta tarar babu kujeru. Ta leƙa. Can a filin ajiye motoci ta hango mijinta yana ɗingishi, yana jan kujerun roba guda huɗu yana jera su, biyu nan biyu can, yana auna tsakaninsu da taku.

"Me kake yi haka da ciwon ƙafa?"

"Zo ki shiga nan da ribas," ya ce. "Gobe tafiyar awa uku za ki yi da ni. Ba zan ba da raina ga lasin da ban san yadda aka samo shi ba."

"Jiya fa wa ya kawo ka?"

"Tafiya gaba ko jaki ya iya. A ribas ake gane malami."

Hutu aka zo yi, jama'a, mutum ya buɗe makaranta a filin otal! Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, da ke shan shayi a ƙarƙashin rumfa, suka gyara zama. Maman Biyu ta dube shi, ta dubi tsofaffin, ta ga in ta ƙi abin zai fi haka tsawo. Ta koma ta ɗauko makulli da takalminta.

Ta shiga tsakanin kujerun a tashi ɗaya, kamar an zana. Tsohuwar nan ta tafa mata.

"Wurin ya yi faɗi," in ji Malam. Ya matso da kujerun.

Ta fita, ta daidaita, ta sake shiga. Ko inuwar kujera ba ta taɓa ba. Tsohon ya ɗaga kofinsa ya ce, "Madalla da 'yata!"

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Malam ya sake jan kujerun har sai da tsakaninsu ya zama da ƙyar mota za ta kurɗa, wurin da shi kansa sai ya yi sau biyu. Ta gani sarai. Ta sa ribas, ta fara sulalowa a hankali, idonta a madubi, kuma wallahi shiga take yi. Saura kaɗan. Malam na tsaye a baya yana ganin motar na shigewa daidai, yana ganin aikin Lallaɓa na shirin cinye jarrabawarsa a gaban mutane. Bai san lokacin da ya daki bayan motar da tafin hannu ba.

"Birki! Birki na ce!"

Ta firgita. Ƙafarta ta zame daga kuloci, motar ta yi tsalle da baya ta mutu, kujera ɗaya ta wuntsila ƙafafu a sama.

"Kin gani!" ya ce, har da nuna kujerar da hannu biyu. "Kin ga abin da ya koya miki! Da yaro ne fa? Wata biyu, ga sakamakon!"

Babu wanda ya tafa wannan karon. Tsofaffin suka mayar da ido cikin kofunansu.

Maman Biyu ta ja hambirki, ta zare makulli, ta fito. Ya zaci kuka za ta yi, kamar na filin ƙwallo. Ba ta yi ba. Ta zo dab da shi ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji.

"Tun jiya kake tambayata me muke cewa a mota. To bari in gaya maka. Hirarka muke yi."

Ya buɗe baki.

"Tsaya, ban gama ba. Ranar farko da ya ga sunanka a takardata, miƙewa ya yi tsaye. Ya ce shi bai isa ya koya wa matar malaminsa ba, sai da na roƙe shi. Duk abin da ya nuna mini sai ya ce, haka Malam ya koya mini. Sauke gilashin nan, naka ne. Taɓa birki sau biyu, naka ne. Har yi wa mota sannu a kan tudu, ya ce a wurinka ya gani, lokacin kana da wata tsohuwar mota mai hayaƙi. Ya ce sau goma sha ɗaya ya kashe maka mota a kan tudu ɗaya rana ɗaya, ka saya masa lemo ka ce ya huta ku sake. Kai, Baban Biyu. Kai ka saya wa mutum lemo."

Ya tuna tudun. Ya tuna lemon ma, da shagon da ya saya. Abin da ya kasa tunawa shi ne yaushe ya daina.

"Kana ganin kai kaɗai ka iya kishi?" ta ce. "Wata biyu ina zaune ana ba ni labarin haƙurin mijina, ina murmushi kamar na san shi. In dawo kanti in shiga bayan kwalaye in share hawaye. Wani can ya samu sau goma sha ɗaya da lemo. Ni da na haifa maka biyu rana ɗaya, minti ashirin ban samu ba, sai dai a yi hira da ni a majalisa, wai Allah bai ba ni kan tuƙi ba. Ka zaci ba ya dawo mini?"

Ta kama hannunsa ta saka masa makullin a tafi.

"Ni hutu na zo yi. Ka mayar wa mutane kujerunsu."

Ta wuce bakin ruwa. Ya tsaya da makulli a hannu, makullin da ba shi da ƙafar amfani da shi. Ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya kakkaɓe ta, ya ja su ɗaya bayan ɗaya zuwa baranda. Tsohon nan ya taso zai taya shi, Malam ya ce a'a, ya bari, shi ya kawo su.

Ranar ba su yi wata doguwar magana ba. Da rana ya ɗingisa har bakin tafkin, ya zauna a kan wani kututture nesa kaɗan da ita. Ta ga yadda ƙafar ta ƙara kumbura, ta ja tsaki, ta zo ta warware bandejin ta sake naɗawa ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Ya shirya maganganu kala-kala a ransa, na ban haƙuri da na kare kai, duk suka maƙale. Mutumin da ke wuni yana magana a mota, ranar ko jimla ɗaya ta kirki ta gagare shi. Kishin bai tafi duka ba, kada a yi ƙarya. In ya tuno dogon nan da agogonsa har yanzu sai ya ji zafi. Sai dai yanzu in ya bi zafin ya ga inda ya nufa, ba ya kaiwa kan Lallaɓa, a kansa yake tsayawa.

Ranar komawa ta saka jakunkuna a but, ta yi sallama da tsofaffin nan, tsohuwar ta rungume ta ta raɗa mata wani abu a kunne har suka yi dariya. Malam ya ɗingiso ya miƙa mata makulli. Hannunsa ya kai kan ƙofar gaba, inda ya saba, sai ya tsaya. Ya saki ƙofar.

"Maman Biyu," ya ce. "A ina kike so in zauna? Gaba ko baya?"

Ta dube shi ta saman motar. Ya ga ta gane abin da yake roƙo, ya ga kuma ta ɗan ji tausayinsa. Ya sa rai.

"Baya," ta ce. "Awa uku ne. Ka miƙe ƙafarka."

Ya buɗe ƙofar baya ya shiga.